Rabe Wanzam da Inuwar Azahar

Duk wanda ya san Rabe wanzam a Gashuwa, to da kafaɗa ɗaya cikin rana ya san shi. Ba son ranar yake yi ba, sana'ar ce ta zo da haka. Wanzami ba shi da wurin zama, zabirarsa ce shagonsa, inda aka kira shi nan zai durƙusa, kuma duk inda aka kira shi inuwar tana da mai ita. Mai rumfa yana tsakiya, aminansa suna dama da hagu, sai masu zuwa jin labari, sannan can bakin-baki inda inuwa take ƙarewa a ajiye wanzami da wanda ake wa aski, don kada gashi ya tashi ya faɗa wa mutane a shayi. Ɗan abin da ya rage na inuwar, wanda ake aske wa kai shi ke shanyewa. Rabe kuwa sai ya raba jikinsa biyu, rabi ya huta, rabi ya gasu.

A Nguru aka haife shi, a bayan tashar jirgin ƙasa. Kakansa ne ya taso daga Haɗejiya da aska da ƙaho ya zauna a nan, ubansa ya gaje shi, yana aske kawunan fatake masu jiran jirgi a inuwar tasha. Kafin a yarda Rabe ya riƙe aska, abin da aka fara koya masa shi ne jan tabarma: idan rana ta matso ka ja, idan babba ya zo ka ja, idan ba ka san dalili ba ma ka ja, daga baya ka ji. Ya iya askin ƙwal-kwabo da gyaran fuska yadda ba a kushewa, amma in gaskiya za a faɗa, a jan tabarma ya fi ƙwarewa. Da jirgi ya rage zuwa, kawuna suka ragu a tasha, sai ya ɗauki amaryarsa Yakaka, wata 'yar Mangawa mai tsayi da ƙarancin magana, suka koma Gashuwa. An gaya masa can manoman shinkafa da tattasai ba sa barin suma ta kwana biyu a kansu, ya je kuma ya tarar ba a yi masa ƙarya ba.

Mutum ne mai kunya har abin ya zama ciwo. Idan aka taka shi, shi ne zai ce a yi haƙuri. Idan wani babba ya doso wuri, ƙafafun Rabe ba sa jiran shawararsa, sai dai kawai ya gan shi a tsaye yana kakkaɓe wa mutumin shimfiɗa. Amma ko mai kunya yana da abin da yake so, shi ma yana da nasa guda ɗaya: rumfa a ƙofar gidansa, dirkoki huɗu, buzu a tsakiya, shi kuma a kan buzun, masu son aski su zo su same shi. Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba sai Yakaka, ita kuwa ta ji shi har ta haddace. Wani lokaci tana tankaɗe za ta ƙarasa masa zancen kafin ya kai ƙarshe.

Inda ya fi daɗewa yana gasa kafaɗa shi ne rumfar Alhaji Modu, dillalin tattasai na layinsu. Kada wani ya ɗauka Alhaji mugu ne. Mutum ne mai kyauta, mai dariya da dukan ciki, ba a tashi daga wurinsa da yunwa. Abu ɗaya ne kawai: tun da aka haife shi bai taɓa samun dalilin duba inda inuwa take ƙarewa ba, don haka bai san tana ƙarewa ba.

Rabe yakan fita tun rana ba ta haura katanga ba, ya bi majalisa-majalisa, ya ci abincin rana inda azahar ta same shi, ba ya komawa gida sai la'asar ta yi sakaliya. Haka ya yi shekara da shekaru, har 'ya'yansu suka girma suka yi aure suka bar su su biyu. Da safe idan zai fita tsakar gidansa inuwa ce, da yamma idan ya dawo inuwa ce. Saboda haka ya yi imani har zuci cewa duk Gashuwa babu gida mai sanyi kamar nasa, har yakan yi alfahari da hakan a wurin aski, yana cewa shi bai san me ke sa wasu matan ƙorafin zafi ba, tasa dai Allah ya hutar da ita.

Sai shekarar nan da kogi ya cika ya shigo gari. Wanda ya ga wannan ruwa ba ya son a tuna masa. Ya ci gonakin shinkafa, ya shiga unguwanni, gidajen ƙasa suka riƙa zama a wurin kamar an jiƙa gari. A gidan Rabe katanga ta kwanta, madafin Yakaka ya rushe, rufin ɗaki ya buɗe baki. Rumfar Alhaji Modu kuwa, da zanarta da azararta, ruwa ya yi gaba da ita har yau ba a ji labarinta ba. Mutanen layin suka yi zaman makarantar firamare har ruwan ya janye, suka dawo kowa yana tsintar abin da ya gane nasa ne.

A wannan tsakanin ne wata ƙungiyar agaji ta zo da motoci, aka ba kowane magidanci tampol biyu farare masu kauri, da igiya, da 'yan ƙusoshi. Malam Zakir, malamin firamaren da ke layin, shi ya yi tafinta, ya ce masu kayan sun ce sunan wannan taimako shelta. Kafin sati ya zagayo kalmar ta zama 'yar gari. Mata suna tambayar juna ko an ba ku shelta, manomi yana cewa a ara masa shelta zai shanya tattasai, har wani ya ce akuya ta ci masa gefen shelta. Abin yana sosa wa Malam Zakir rai, domin shi mutum ne da ba ya son a wulaƙanta kalma a gabansa. Duk inda ya zauna sai ya yi bayani cewa ba tampol ɗin ne shelta ba. A wurin masu harshen, in ji shi, duk abin da ya shiga tsakanin mutum da ruwa ko rana ko iska shelta ne, ko ɗaki, ko rumfa, ko gindin bishiya, kai ko mutum ya gudo ka buɗe masa zaurenka, ka ba shi shelta ke nan. Mafaka dai. Mutane suka ce sun gane, suka ci gaba da kiran tampol shelta. Rabe kuwa a duk jerin nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa ta zauna, wato rumfa.

Tampol ɗaya aka rufe ɗaki da shi. Wurin katanga aka kewaye da zana, gajera, don abin da hali ya bayar ke nan. Na biyun Yakaka ta ninke ta tura ƙarƙashin gado, tana jiran ranar da za a samu dirkoki a tayar mata da madafi. Lokacin sanyi babu wanda ya tuna da shi, tunda kowa ranar yake nema. Amma da aka sha ƙaramar salla, zafi ya buɗe ido irin na ƙasar nan wanda ƙarfe ba ya taɓuwa da rana, sai ga Rabe wata yamma da dirkoki huɗu a amalanke. Yakaka ta yi murmushi, abin da ba kasafai take yi ba, har ta je ta share wurin tsohon madafin. Da ta ji ana haƙa rami a waje, ta leƙo.

"Malam, tampol ɗin nan na madafi ne fa."

"Ke da kike cikin gida?" in ji Rabe, yana fitar da ƙasa da hannu. "Gidan nan ai inuwa ce ko'ina. Mu da muke waje mu ne abin tausayi."

Ta dube shi, ta dubi ramin, ta koma ciki ba ta ƙara ko kalma ba. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin yarda, kamar yadda maza suka saba ɗauka.

Washegari rumfa ta tashi, fara tas, ana hango ta tun daga bakin titi. Rabe ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya shimfiɗa tabarmi, ya ɗora buzun ragon layyar da ya daɗe yana ɓoyo, ya zauna a tsakiya ya jera asake a gabansa. Ya ɗaga kai ya ga tampol, ya duba dama inuwa, ya duba hagu inuwa. Daɗi ya kama shi har ya rasa abin yi, sai ya kama wasa askar da ya riga ya wasa. Ranar bai fita yawo ba, kuma ko mutum ɗaya bai zo ba sai da hantsi ya yi, amma bai damu ba.

Wanda ya fara zuwa Alhaji Modu ne. Bai sake tayar da tasa rumfar ba, don ya ce wannan karon da bulo da kwano zai yi ta, kuma magini yana ta yi masa gobe-gobe. Ya tsaya ya ƙare wa aikin kallo, ya yi masha Allah, ya ce yau ga shi shi ne ya biyo wanzami har gida. Zuciyar Rabe ta yi fari. Ƙafafunsa kuwa tuni sun yi aikinsu: kafin ya ankara yana tsaye, yana kakkaɓe buzu, yana cewa bismilla Alhaji, nan, nan tsakiya. Aka yi aski aka gama, Alhaji ya shafa kai ya ce wurin nan akwai iska, ya miƙe ƙafa. Bai tashi ba sai da aka kira la'asar.

To, a garin nan zaman majalisa yana da ƙa'idar da babu wanda ya taɓa faɗarta da baki amma kowa ya san ta. Inda mutum ya zauna ranar farko, nan ne wurinsa har abin da hali ya yi. Kuma ba a korar mutum daga inuwa, wanda ya yi haka sai a riƙa ba jikokinsa labari. Washegari Alhaji ya dawo ya nufi buzu kai tsaye, da aminansa biyu a bayansa, dukansu sun girmi Rabe. Rabe ya ja tabarma. Jibi liman ya biyo ya ce bari ya ɗan sha iska kafin azahar, Rabe ya ja tabarma. Malam Zakir ya zo da rediyonsa, wani tsohon soja ya zo da darduma, mai shayi ya ga jama'a ya kawo tukunyarsa ya kafa a gefe. Da shayi ya zo kuwa, sai tsohuwar doka ta dawo da kanta, aka ce don Allah wanzam a ɗan matsa can kada gashi ya tashi. Ba a yi sati biyu ba Rabe ya samu kansa a bakin-baki, durƙushe a kan wani manomi, kafaɗarsa ta hagu tana gasuwa, a ƙofar gidansa, a ƙarƙashin tampol ɗinsa.

Ya gwada dabaru. Ya riƙa fitowa tun da asuba yana zama a kan buzu, ya ƙudura a ransa yau ko sarkin duniya ne ya zo ba zai motsa ba. Yana hango babbar rigar Alhaji daga kwana sai ya ji ana ɗaga shi, ya duba babu kowa, ƙafafunsa ne. Ya sayo zana ya ƙara wa rumfar faɗi ta gefen yamma, don ko ba tsakiya ba ya samu inda zai sa kafaɗa biyu. Mutanen layin baya suka ji an faɗaɗa, suka zo suka yi masa godiya suka zauna. Duk wannan ya haɗiye. Abin da ya tsaya masa a wuya wani baƙo ne da ya sauka daga Keke Nafef da buhun samfurin tattasai, ya same shi yana share ƙofar gida da safe, ya yi sallama ya ce don Allah baba, nan ne rumfar Alhaji Modu? Rabe ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ji kansa yana cewa eh nan ne, a zauna, yanzu zai fito. Har tabarma ya shimfiɗa masa. Ranar ya yanki mutum biyu a ƙeya, shi da ake yabon hannunsa.

Da abin ya ishe shi sai ya hau mota ya tafi Nguru wurin Babakura, ƙanin Yakaka, mai sayar da bandar kifi. Tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, kuma Babakura bai taɓa barin wannan dama ta wuce shi ba. Ya saurari labarin yana jera kifi a kwali, ya yi dariya har hawaye, ya kira maƙwabcinsa ya sa Rabe ya maimaita wurin baƙon. Da ya gaji ya share ido, sai ya tambaya a ina yayarsa take girki yanzu. Rabe ya ce a gida mana, ina kuwa. Babakura ya ƙare masa kallo. Sannan ya ce maganin abin mai sauƙi ne: ba a tayar da mara lafiya. Ya fito da sassafe ya kwanta a kan buzun, ya lulluɓa, ya yi ta nishi. Kwana uku idan ya yi a haka wurin ya zama nasa, ko ya warke babu mai ce masa tashi.

Rabe ya dawo yana jin ya samo hikimar duniya. Washegari ya ɗaura rawani a goshi, ya ja mayafi har wuya a cikin zafin nan, ya miƙe a tsakiyar rumfa. Da ya ji takun Alhaji sai ƙafafun suka fara motsi, ya danne su da hannu biyu a ƙarƙashin mayafin, ya saki nishi. Alhaji ya yi salati ya durƙusa a kansa. Jama'a suka taru, kowa da irin cutar da ya gano. Nan take aka yanke hukunci cewa ba daidai ba ne a bar bawan Allah a waje yana shan hayaniya, alhali ga gidansa nan. Rabe ya ce a'a, nan ma ya yi, iskar nan ita ce maganinsa. Aka ce ji yadda zazzaɓi ke sa shi sambatu. Aka yi sallama Yakaka ta kauce, ƙarti huɗu suka ɗauke shi cak da mayafinsa suka kai shi ɗaki, buzun kuwa aka bar shi inda yake don kada a wahalar da shi.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Liman ya aiko da rubutu. Tsohon soja ya aiko da jiƙon ganyen darbejiya kofi guda, ya tsaya daga zaure yana tambaya ko an shanye, sai da Rabe ya shanye. Alhaji ya aika a nemo wani wanzami daga bakin kasuwa ya zo ya yi masa ƙaho, Allah ya taimake shi ba a samu mutumin ba. Labari ya bazu, masu dubiya suka cika rumfar fiye da kullum, kuma wanda ya zo dubiya daga nesa ba a barinsa ya koma da bakinsa a bushe. Yakaka ta shigo ta dubi mara lafiyar da ya cinye ɗumamen safe har da suɗe kwano, ta ɗebi gero ta fita.

Ta bar labulen ɗakin a ɗage don iska. Daga inda yake kwance yana ganin tsakar gida gaba ɗaya, kuma tun da ya tare a gidan nan bai taɓa ganinta a wannan lokaci ba. Da farko inuwa ce, yadda ya san ta. Sai ya ga tana ja da baya. Ta bar bakin rijiya, ta bar turmi, ta bar murhu. Kafin azahar duk gidan ya zama fari fat, ƙasa tana tururi, kaji sun shige ƙarƙashin randa sun buɗe baki. Abin da ya rage na inuwa wani siriri ne a gindin zana, faɗinsa bai fi taki ɗaya ba. Yakaka ta ɗora faifai a ka, ta je ta iza wuta ta juya tukunya, ta dawo ta lafe a jikin zanar da ƙwaryar da take dama kunu. Zanar ba ta isa ta rufe ta ba. Ta karkata, ta ba inuwa kai da rabin jiki, ta bar wa rana kafaɗar hagu. Da rana ta ƙara matsowa ta ja 'yar kujerarta ba tare da ta duba ba.

Rabe ya san wannan zama. Babu wanda ya kai shi saninsa a duk Gashuwa da kewayenta. Ya kwanta yana kallo, daga waje yana jiyo dariyar Alhaji da ƙarar kofunan shayi, kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba, ba irin tasa ta kullum mai sa shi miƙewa tsaye ba. Wannan danne shi ta yi a kan gado. Da ta shigo kawo masa kunu, zufa na ɗiga daga haɓarta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Kullum haka gidan nan yake da rana?"

"Tun da ruwa ya tafi da katanga da madafi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa, Malam. Ka ce inuwa ce ko'ina." Ta ajiye kofin. "Sha, mara lafiya ba ya son dogon zance."

Ya sha. Da daren nan bai nemi ƙarin tuwo ba, har ta fara tunanin ko ciwon ya zama gaske.

Korar mutane dai ba za ta yiwu ba, wannan ko a mafarki. Amma da ya juya abin a ransa, bai tuna inda aka taɓa cewa ita rumfar ba ta da ikon tashi ba. Ya jira ranar kasuwa, ranar da Alhaji da jama'arsa suke wuni a wurin awon tattasai. Da layi ya yi shiru ya warke, ya fito ya kwance igiyoyi, ya cire zanar da ya ƙara, ya tumɓuke dirkoki, ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Yakaka ta riƙe masa bakin tampol yana ɗaurewa, sau ɗaya kawai ta ce ya ɗan ja ta gefen murhu. Tabarmin mutane da dardumar soja ya naɗe su da kyau ya jingine a zaure. Buzu kuwa ya shige da abinsa.

Washegari da hantsi majalisa ta hallara ta tarar da ramuka huɗu da rana. Aka yi cirko-cirko. Alhaji Modu ya ce lallai ɓarayin garin nan sun kai inda suka kai, a sace rumfa sukutum a bar ramuka, kuma a rasa wanda za a yi wa sai mara lafiya. Ya sa aka yi sallama da Rabe don a jajanta masa, yana ta faɗin ko nawa ne zai kashe a nemo masa rumfarsa. Rabe ya fito da zabira a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida kowa, ya amsa ya jiki.

"Ba sata aka yi ba, Alhaji," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ciki ta koma. Mai ɗakina ce take girki a rana."

Aka dubi juna. Ciki dai kowa ya san ba wurin da namiji zai bi inuwa ba ne, ko da ta ƙanƙara ce. Alhaji ya dubi ramukan, ya dubi Rabe, ya daɗe yana wani lissafi a fuskarsa.

"Af," ya ce. "Ai kuwa taka ce."

Sai ya fashe da dariyar nan tasa, ya ce wallahi shi ya manta, kuma da an bar shi da sai ya ba magada wasiyyarta. Malam Zakir ya gyara murya zai yi bayanin cewa dama ma'anar kalmar ke nan tun farko, aka ce masa ya bari sai an samu inuwa. Kafin wata ya ƙare magini ya ga ba wasa, rumfar bulo da kwano ta tashi a ƙofar Alhaji, kowa ya koma wurinsa na da. Rabe ma ya koma nasa, can bakin-baki, kusa da inda gashi ba zai kai ga shayi ba. Da labari ya kai Nguru, an ce Babakura ya ce shi dama bai yi alkawarin buzu ba, magani ya ce zai bayar.

Abu ɗaya ne ya canza a tsarin Rabe. Ranar da aka koma sabuwar rumfar Alhaji, ana idar da azahar ya rataya zabira ya ce zai je gida, mutane suka bi shi da kallo kamar ya ce zai je Makka a ƙafa. Ya yi sallama ya shiga. Tampol ya rufe murhu da turmi da randa, kaji suna kiwo a sake, Yakaka tana tuƙa tuwo babu faifai a ka. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora buzun a tsakiya. Shi kuwa saboda sabo sai ya nemi bakin-baki ya tsuguna, kafaɗa ɗaya a waje.

Ta nuna buzun da muciya. Ya matsa kaɗan. Ta sake nunawa. Ya matsa har ya hau.

Bai gama zama ba sai ga sallama daga zaure, muryoyin mata uku ko huɗu, maƙwabta ne da suka ji labarin inuwar gidan Yakaka suka ɗauko tsintar shinkafarsu. Cikinsu har da tsohuwa Asibi, wadda ta ga jika da tattaɓa-kunne. Ƙafafun Rabe suka ji muryar babba, suka tattaro kansu, har ya dafa ƙasa ya ɗaga rabin jiki. Yakaka ta miƙo muciya ta ɗora a kan gwiwarsa, da tuwonta da komai, ta danna.

"Ku yi haƙuri, Iya, ku dawo bayan la'asar," ta ɗaga murya. "Mai rumfar yana ciki."

Takun ya koma da baya. Rabe ya zauna yana kallon tuwon da ya manne masa a wando. Ya kai hannu ya taɓa kafaɗar dama, ya taɓa ta hagu, duka biyun da sanyinsu. Ya nemi abin da zai ce, sai ya ce mata miyar tana ƙamshi. Ta ce ba ta ɗora miya ba tukuna.